Idan na'ura ce ta zaɓi wanda za ta harba, wa za a tuhuma?

Tambaya: Malam, ina jin ana fafutukar hana "makamai masu sarrafa kansu". Ai jirage marasa matuƙa sun daɗe suna kai hari. Mene ne sabo a nan, kuma fafutukar tana tasiri kuwa?

Amsa: Jirgin da muke kira marar matuƙi yana da matuƙi, sai dai a ƙasa yake zaune gaban allo, shi ke duba hoto, shi ke danna maɓalli. Lokacin da bam ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disamban 2023, an samu waɗanda za a tsare da tambaya, har rundunar sojin ƙasa ta amsa cewa jirginta ne.

Makamin da ake magana a kai daban yake. Ana loda masa siffar abin da zai kai wa hari, kamar zafin injin mota ko yanayin tafiyar mutum, sannan a sake shi. Daga nan shi ke zaɓa, shi ke harbi. Wanda ya sake shi bai san wa zai mutu ba, balle yaushe. Ka ɗauki makiyayi da sanda a kafaɗa da magariba. Sojan da ke kallo zai iya yin jim, ya ce a dakata. Na'ura lissafi kawai take yi, in siffa ta dace shi ke nan. In an yi ɓarna kuwa, kwamanda ya ce laifin manhaja ne, mai manhaja ya ce ba shi ya tura ba.

Kuma abin ya wuce tatsuniya. Rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce an yi amfani da Kargu-2, wani ƙaramin jirgi marar matuƙi ƙirar Turkiyya, a kan dakarun Khalifa Haftar, jagoran sojin gabashin Libiya, an tsara shi ya kai hari ko babu sadarwa da mai sarrafa shi.

Gamayyar Stop Killer Robots, da aka ƙaddamar a Landan a 2013, tana neman a haramta makaman da ke farautar mutane da waɗanda ba za a iya riƙe linzaminsu ba, sauran kuma a gindaya musu sharuɗɗa. Tun 2014 ƙasashe ke zama kan batun a Janiba, amma can sai kowa ya yarda ake yanke shawara, ƙasa ɗaya ta isa ta taka birki. Da aka kai batun babban zauren Majalisar a Disamban 2023, ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin da ya ce a gaggauta duba haɗarin waɗannan makamai, 4 suka ƙi: Rasha, Indiya, Belarus da Mali. ECOWAS ma ta nemi a yi yarjejeniya a taron Freetown na 2024.

Sai dai ƙudurin zaure ba doka ba ne. A ganina hanyar da ta fi yiwuwa ita ce wadda aka bi kan nakiyoyin da ake binne wa mutane a 1997, inda ƙasashen da suka shirya suka haɗu a Ottawa suka sa hannu, ba su jira Amurka da Rasha da Sin ba. Jody Williams, wadda ta ci kyautar Nobel kan wancan aiki, tana cikin waɗanda suka ƙaddamar da wannan gamayya.