Wayata ta cika da hotuna, ya zan rage su ba tare da na rasa su ba?

Tambaya daga wata 'yar'uwa mai ɗinki a Aboabo, Kumasi: Salamu alaikum malam, wayata Tecno ce kuma kullum sai ta ce wuri ya cika, hotunan samfurin ɗinki ne da na biki da suna, ba na so in riƙa ganinsu amma ina tsoron gogewa don wata rana kwastoma za ta ce a nuna mata.

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki taɓa komai ki sani ɓoye hoto daban, samar da wuri a waya daban, nan ne mutane ke ƙonewa.

In dai ganinsu ne ya ishe ki, buɗe Google Photos ki danna hoton ki riƙe, ki zaɓi sauran, sai ki tura su Archive. Za su ɓace daga shafin gaba amma suna nan, in kin bincika za su fito, album ɗinsu ma bai canza ba. Sai dai fa ko ɗigon wuri ba za ki samu ba.

Maganar wuri kuwa, don Allah kar ki danna alamar kwandon shara a cikin Google Photos kina cewa ai akwai shi a intanet, wannan dannawar tana goge na wayar da na intanet ɗin gaba ɗaya, haka ma masu iPhone in iCloud a kunne yake, ka goge a waya ya tafi ko'ina. Kwandon yana riƙe hoto na ɗan lokaci, a iPhone da Samsung kwana 30 ne, bayan nan sai haƙuri. Abin da za ki yi, ki kunna bakup, wato ɗora hotunan a intanet, ki bari ya gama hawa tsaf, gara da wayfai ko bandil na dare don bidiyon biki na shan data ba kaɗan ba, sannan ki nemi inda aka rubuta Free up space. Shi wannan na wayar kawai yake cirewa, kuma waɗanda suka riga suka hau.

Google na ba da 15GB kyauta ne, kuma da Gmail da Drive duk a ciki suke ci, tun Yunin 2021 aka daina ajiya mara iyaka. Asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba kuma suna iya rufe shi. Sannan ki rubuta imel ɗinki da faswod a littafin awo, da yawa yaron shago ne ya buɗe musu ranar sayen waya, in waya ta faɗi a kasuwar Kejetia ba su san ta inda za su shiga ba.

Ni dai ban yarda da ajiya wuri ɗaya ba. Ki sayi filas mai bakin waya ko memori a shagunan Adum cikin garin Kumasi ki kwafe na aure da na iyaye a ciki, amma ki guji mai arhar banza, akwai na jabu da za a rubuta 64GB ya karɓi hotunan lafiya lau daga baya su ƙi buɗewa. In kin kwafe ki cire ki sa a wata wayar, ki buɗe na farko da na ƙarshe ki gani da idonki kafin ki goge.

Su kuma barka da Juma'a na gurup-gurup ɗin WhatsApp, waɗannan ki share kawai, ki kashe saukar da hoto da kansa a saitin.