Ƙarin kuɗin inshorar masu jinya: wanne za ki biya, wanne za ki ja?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, ina da ɗan kamfani mai tura masu jinya gidajen tsofaffi da marasa lafiya. Mutum 14 ke aiki a ƙarƙashina, yawancinsu matanmu ne na Gana da Nijar da Najeriya. Shekarar inshorar diyyar ma'aikata ta ƙare, oditan kamfanin inshorar ya duba littattafanmu, sai ga takarda wai in ƙara kusan kwatankwacin abin da na riga na biya. Ƙanwata mai zaman ofis sun mai da ita cikin masu jinya. Mata biyar da nake biya da takardar 1099, wato takardar harajin 'yan kwangila masu zaman kansu, sun lissafa su a ma'aikata. Nas biyu da nake tura wa wani gidan kula da tsofaffi kuma sun buɗe musu sabuwar lambar sana'a a lissafin inshorar. Ni dai gani nake cuta ce. In kai su kotu?

Amsa: Hajiya, ajiye maganar kotu tukuna. Takarda ɗaya suka aiko miki, amma magana huɗu ce a ciki, har da wadda ba ki ambata ba, kuma ita ce na fi sa ran za ta dawo miki da kuɗi.

A Najeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta fara ne da kashi ɗaya cikin ɗari na albashi, a zuba wa NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar. Amurka ba haka ba ne. Kowace sana'a da lambarta, kowace lamba da farashinta a kan kowace dala 100 ta albashi. Maryland na cikin jihohin da ke bin lambobin cibiyar NCCI mai tsara ƙa'idojin wannan inshora, wadda aka kafa a 1923, mai hedikwata a Florida. Kamfani irin naki lambarsa 8835, kuma ta haɗa kowa: nas mai ba da magani, da mai yi wa tsohuwa wanka, da mai tayar da ita daga gado zuwa kujera. Abin da kika biya a farkon shekara ƙiyasi ne kawai. Lissafin gaskiya sai bayan shekara ta ƙare, kuma yarjejeniyar da kika sa wa hannu ta ba su damar duba littattafanki har shekara uku bayan ƙarewarta.

Mu fara da ƙanwarki. Ma'aikacin ofis lambarsa 8810, mai araha ƙwarai, domin mai zama gaban kwamfuta ba kasafai yake karya ƙugu ba. Sharaɗin shi ne aikin ofis zalla, a wurin da aka keɓe. Tambayata: ranar da wata ta bugo da asuba ta ce ɗanta ba lafiya, wa ke ɗaukar mota ya je gidan tsohon? In ƙanwarki ce, ko sau biyu ne a wata, to ta fita daga 8810, kuma dukan albashinta na shekara ne zai koma 8835. Lambar 8810 ba a raba ta da wata, ko da kin rubuta sa'o'i dalla-dalla. A ce, don misali kawai, albashinta dala 40,000, farashin ofis santi 20, na jinya dala 3. Kuɗinta ya tashi daga dala 80 zuwa dala 1,200 ke nan. In kuwa ba ta taɓa zuwa gidan majinyaci ba, ki fito da jadawalin aikin shekarar a ga babu sunanta ko sau ɗaya. Odita yakan yi zato, jadawali ne ke rushe zaton.

Matan 1099 ɗin kuwa, gaskiya ɗaci gare ta. Kada ki ɓata kuɗin lauya a nan. Na san yadda abin yake faruwa, sau da yawa ma su matan ne ke roƙo a biya su haka don kada a cire musu haraji. Amma hukumar diyyar ma'aikata ba sunan takarda take dubawa ba, ikon sarrafa aiki take dubawa. Ke kika samo majinyacin, ke kika tsayar da sa'o'i, ke kika yanke kuɗin awa, ke za ki sallame ta in ta makara. Mai wannan iko shi ne ubangidan aiki. Kamfanin inshora ya san cewa da ɗaya daga cikinsu ta zame a banɗakin tsohuwa ta karye, shi za a kama ya biya asibiti da kashi biyu bisa uku na matsakaicin albashinta na mako, shi ya sa yake karɓar kuɗin haɗarin. Mafita ɗaya ce: in wata a cikinsu tana da nata kamfani da tata inshorar diyya, ki kawo takardar shaidar inshorar mai ɗauke da kwanakin da ta yi miki aiki, a cire ta. Sauran ki mai da su kan takardar W-2, wato ta harajin ma'aikacin albashi, tun kafin masu haraji su ma su ƙwanƙwasa ƙofa.

Maganar nas biyun ta fi sarƙaƙiya. Wanda aka tura aikin wucin gadi a wani wuri yana ɗaukar lambar wurin, kuma masu jinya a gidan kula da tsofaffi lambarsu 8824. Saboda haka lambar ba kuskure ba ce. Abin dubawa shi ne daga yaushe ƙarin zai fara. Ƙa'idar NCCI ta ce gyaran lamba mai ƙara kuɗi, in an yi shi cikin kwana 120 na farkon shekarar inshora, yana komawa farkon shekara. In an wuce haka, daga ranar da aka gano ne. In kuwa a kwana 90 na ƙarshe ne, sai a shekarar da ke tafe. Kada ki yi saurin murna. Wannan kariya ba ta rufe masu ba da hayar ma'aikata na wucin gadi, ba ta kuma rufe wanda ya ɓoye wani abu lokacin cike takardar nema. Ba ta shafi ƙanwarki ma ba, domin matsar da albashi tsakanin lambobin da suke kan takardar inshorar tun farko ba gyaran lamba ba ne. To me kika gaya wa dillalin da ya sayar miki da inshorar? Ki tono saƙonninku. In kin rubuta masa cewa kina tura nas wancan gidan shi ya ƙi saka shi, kina da hujjar cewa ba ki ɓoye ba, kuma wataƙila kina da ƙorafi a kansa shi kansa.

Ga ta huɗun. Masu jinyar gida suna yawan wuce sa'a 40 a mako, kuma ƙarin da ake yi a kan kuɗin obataim ba ya shiga lissafin inshora. Mai dala 16 a awa, in ta karɓi 24, dala 8 ɗin nan a waje suke. Amma sai littafin albashi ya nuna obataim daban, ga kowace ma'aikaciya. In an cuɗe shi wuri guda, odita zai ɗauki jimla ya wuce abinsa, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Yanzu ki rubuta wa kamfanin ki nemi takardun lissafin odita, layi-layi. Ki aika da ƙorafi a rubuce, ki faɗi abin da kike ja da adadin kuɗinsa, ki haɗa da jadawali da littafin albashi. Ɓangaren da ba ki ja ki biya shi, ko ki nemi a raba miki shi wata-wata. Wannan sharaɗi ne kafin NCCI ta saurare ki a tsarinta na sasanta saɓani, wanda shi ne mataki na gaba in kun kasa daidaitawa, daga nan sai hukumar kula da inshora ta Maryland. Kada fushi ya sa ki ƙi biya har su soke inshorar. A Maryland ma'aikaci ɗaya ma ya wajabta ta, kuma in wata ta ji rauni a lokacin, asusun jiha na marasa inshora zai biya ta, sannan ya biyo ki da kuɗinsa da tara.

Ki duba wa'adin ƙorafi da ke jikin takardar yau ɗin nan, ki kai ta wurin lauya mai lasisin Maryland tare da saƙonnin dillalin kafin ki sa hannu a kan komai.