Tambaya da Amsa: Kelly Clarkson ce ke rubuta waƙoƙinta, ko rubuta mata ake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, kuma ina yawan cin karo da guntayen shirin hirar Kelly Clarkson a intanet. Wata ƙawata ta ce mini asalinta mawaƙiya ce da gasar talabijin ta fito da ita, kuma irin waɗannan mawaƙa murya kawai gare su, komai rubuta musu ake yi. Ina roƙon a ba ni tarihinta, a kuma raba mana gardama. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙawarki ta yi gaskiya a rabin farko na maganarta, amma rabi na biyu yana buƙatar gyara, domin rigimar da ta fi kowacce girma a sana'ar wannan baiwar Allah a kan batun rubutun aka yi ta.

An haifi Kelly Clarkson ranar 24 ga Afrilun 1982 a Fort Worth da ke jihar Texas ta Amurka, ta kuma tashi a garin Burleson. Bayan ta gama sakandare ta tafi Los Angeles neman sa'a, abin bai yiwu ba, ta dawo gida ta ci gaba da ƙananan ayyuka. A 2002 gidan talabijin na Fox ya fara gasar American Idol, inda alƙalai uku, wato Simon Cowell da Paula Abdul da Randy Jackson, suke bayyana ra'ayinsu, amma masu kallo ne ke yanke hukunci ta hanyar kaɗa ƙuri'a da waya. Ranar 4 ga Satumban wannan shekara ta doke Justin Guarini da kashi 58 cikin 100 na ƙuri'un, ta zama ta farko da ta lashe gasar, aka kuma ba ta kwantaragi da kamfanin waƙa na RCA.

A nan ne ƙawarki take da hujja. Waƙar da Kelly ta rera a daren nasararta, "A Moment Like This", an riga an rubuta ta tun ba a san wanda zai ci gasar ba, an ajiye ta ga duk wanda Allah ya ba. Ta yi tsalle daga mataki na 52 zuwa na 1 a jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, amma babu kalma ɗaya ta Kelly a cikinta. Mai karatu Bahaushe, wanda ya saba da cewa mawaƙi shi ne mai tsara baitocinsa, zai iya jin wannan wani iri, sai dai a can Amurka abu ne da aka saba: wani ya rubuta, wani ya haɗa kiɗa, kamfani ya zaɓi muryar da za ta rera. Wanda ya fito ta gasa kuwa ya fi kowa rashin ta cewa, tunda ya sa hannu a takarda tun kafin ya zama wani.

Kundin waƙoƙinta na biyu, Breakaway, wanda ya fito a 2004, shi ne ya tabbatar da ita. An sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a duniya, ya kuma kawo mata lambobin Grammy, wato lambobin yabo na harkar waƙa a Amurka, guda 2 a 2006. Waƙar da ta fi tashe a cikinsa, "Since U Been Gone", aikin ƙwararrun marubuta waƙa ne, Max Martin da Dr. Luke. Amma a cikin kundin akwai "Because of You", wadda ta fara rubutawa tana 'yar shekara 16 a kan mutuwar auren iyayenta, wanda ya faru tana ƙaramar yarinya, daga baya ta ƙarasa ta tare da David Hodges da Ben Moody. Ta faɗa da bakinta cewa sai da ta yi da gaske kafin kamfanin ya yarda a saka waƙar, kuma an kushe rubutunta a gabanta. Clive Davis, wanda shi ne babba a kamfanin a lokacin, ya ba da labarin ta wata fuska dabam a littafin tarihinsa na 2013, ita kuma ta fito fili ta musanta abin da ya rubuta. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne waƙar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saninta da su a faɗin duniya.

A 2007 tura ta kai bango. Ta shirya kundi na uku, My December, wanda da hannunta a rubutun kowace waƙa da ke cikinsa, mai cike da baƙin ciki da fushi, kamfanin kuma ya ga ba zai yi kasuwa ba, ya nemi ta karɓi waƙoƙin ƙwararru. Ta ƙi. A 'yan makonnin da suka biyo baya ta rabu da manajanta, aka kuma soke rangadin da ta shirya saboda tikiti bai sayu ba. Kundin ya fito a mataki na 2 a jadawalin kundaye na Billboard, amma bai kama ƙafar Breakaway ba. A ganina, duka ɓangarorin biyu suna da abin faɗa: lissafin kamfanin game da kasuwa bai yi kuskure ba, ita kuma tana da hakkin ta ƙi zama makogwaron haya tana 'yar shekara 25, bayan ta riga ta tara musu dukiya. Ina ganin girmanta a kan wannan tsayuwa, ko da yake ta jawo mata asara.

Daga nan sai aka yi sulhu irin na 'yan kasuwa. A 2009 ta dawo da waƙar da ta tashi daga mataki na 97 zuwa na 1 cikin mako guda, ta sake cin Grammy a 2013, ta kammala kwantaragin da ta gada daga gasar, sannan a 2016 ta koma kamfanin Atlantic, wanda ita ta zaɓa da kanta. A 2018 ta zama mai horar da 'yan takara a gasar The Voice, a Satumban 2019 kuma ta fara shirin hirar da kike gani. Don haka ki gaya wa ƙawarki cewa Kelly marubuciya ce ta haƙiƙa, amma galibi tare da wasu take rubutu, kuma da yawa daga cikin waƙoƙinta mafi ciniki wasu ne suka rubuta.

Tambaya: Shin an taɓa yin irin wannan gasa a Najeriya, kuma waɗanda suka ci sun ɗore? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: An yi, Malam. A 2007 Timi Dakolo ya lashe Idols West Africa, Omawumi ta zo ta biyu, amma kundinsa na farko sai a 2011 ya fito, bayan shekaru huɗu yana fafutuka da kansa, ita kuwa Omawumi ta riga shi fitar da nata a 2009. Gasar Project Fame, wadda MTN ya ɗauki nauyinta, ta fito da Iyanya a 2008 da Chidinma a 2010. Shi ma Johnny Drille, wanda yake rubutawa ya kuma haɗa kiɗansa da kansa, ya shiga gasar a 2013 bai ci ba, sai a 2017 kamfanin Mavin na Don Jazzy ya ɗauke shi.