Tambaya da Amsa: An ce in biya miliyan 4 a kai 'yata gasar kwallon raga ta jami'o'in Amurka

TAMBAYA

Salam Koci. Don Allah ki taimake ni, kwana uku ke nan ban yi baccin kirki ba. 'Yata shekararta 18, ta gama sakandare bara, tana buga kwallon raga tun tana aji biyu kuma ta wakilci jiharmu. Wani mutum da ya ce shi ejan ne ya zo filin da suke atisaye, ya ce in muka biya naira miliyan 4 kafin karshen wata zai sa sunanta a gasar cin kofin jami'o'in Amurka ta mata, daga nan jami'a za ta dauke ta karatu kyauta. Ya nuna mana hotunan 'yan Najeriya da suka ci kofin, ya kuma ce a rage mata shekara biyu a fasfo. Ni filin da mahaifinta ya bar mana nake shirin sayarwa. Wai gasar ma akwai ta kuwa? Su wa suke cin ta?

AMSA

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kar ki sayar da filin nan, ko kafin alkalami kar ki karba a hannun kowa. Gasar akwai ta, babba ce kuma, amma abin da mutumin nan ya ce zai yi miki babu mahalukin da zai iya yin sa, kuma tarihin gasar da kansa shi zai nuna miki hakan.

An fara buga kofin kasa na matan jami'o'i a 1970, lokacin ma kungiyar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka a yanzu, ba ruwanta da wasannin mata, malaman motsa jiki mata ne suka shirya abinsu, daga baya ya koma karkashin kungiyarsu AIAW. Wata karamar jami'a a yammacin Texas mai suna Sul Ross State ita ta dauki kofi biyun farko. Sai dokar nan da ake kira Title IX ta zo a 1972, ta hana makarantun da ke karbar kudin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, kudi suka fara shigowa wasan mata, da kudi suka shigo sai ga NCAA ta iso. Shi ya sa a 1981 aka yi zakaru biyu, jami'ar Texas ta ci na AIAW, jami'ar USC ta doke jami'ar UCLA a fainal din NCAA na farko wanda kungiyoyi 20 kawai suka shiga. Ba a jima ba AIAW ta rufe, abin da har gobe nake jin zafinsa, don matan da suka yi dashen ba su suka ci 'ya'yan ba.

Shekarun farko na jami'o'in gabar yamma ne, Hawaii, UCLA, Pacific, Long Beach State. Nebraska ta dauka a 1995, Penn State a 1999, sai karfi ya fara karkata tsakiyar kasar da gabashi. Penn State karkashin koci Russ Rose ta dauka sau hudu a jere daga 2007 zuwa 2010, ta yi wasa 109 ba a doke ta ba sai da Stanford ta tare ta. Na kalli bidiyon fainal dinsu na 2009 da Texas ya fi a kirga, an ci su saiti biyu na farko, kowa ya cire rai, yaran nan suka dawo suka cinye ukun da suka rage, ni kam duk yarinyar da ta fara sare gwiwa a fili wannan wasan nake kunna mata. A 2024 kuma Katie Schumacher-Cawley ta zama mace ta farko da ta ci kofin babban rukuni, wato na daya cikin rukunai uku na NCAA, a matsayin shugabar masu horarwa ta Penn State, tana tsakiyar jinyar kansar mama, da dankwali daure a kanta a bakin fili.

To ga lissafin da nake so ki rike Hajiya. Daga 1981 zuwa 2024 an buga gasar sau 44, jami'o'i 12 ne kacal suka taba daga kofin, cikin jami'o'i sama da 330 da ke babban rukuni. Stanford 9, Penn State 8, Nebraska 5, wadannan uku kadai sun kwashe rabi. Nebraska din nan a ranar 30 ga Agusta 2023 mutum 92,003 suka cika mata filin kwallo don kallon wasa daya na mata. Makarantar da ke tara jama'a haka, wadda kocinta ke bin yarinya da ido tun tana shekara 14 a gasannin kulob, ita ce za ta jira wani ya turo mata suna daga bakin filin atisayenmu saboda an ba shi miliyan 4? Haba.

Nan ne inda raina yake baci, don wallahi kusan kullum sai na amsa wannan maganar. Mutane sun dauka gasar nan kamar gasar karatu ce ko tsere, a yanki fom a rubuta sunan yarinya ta je ta nuna bajinta sai a dauke ta. Ba haka ba ne ko kadan, abin a juye yake. Ba mutum ke shiga gasar ba, makaranta ke shiga. Tun 1998 kungiyoyi 64 ake dauka, wajen rabinsu zakarun shiyyoyinsu ne, sauran kwamiti ke zabarsu bisa sakamakon kakar da aka buga daga karshen Agusta zuwa Nuwamba, a yi fainal a Disamba. Yarinyar da za ta taka wannan fili sai ta riga ta zama dalibar jami'ar, tana shiga aji, tana cin jarrabawa, sunanta na cikin jerin 'yan wasan koci. Wato karatun ne kofar shiga, gasar tana can karshe. Shi kuma mutuminki ya ce gasar ce za ta kai ta karatun, ya dora doki a kan mahayi, wannan kadai ya isa ki gane ko dai bai san abin ba ko ya sani yana yi miki rufa-rufa.

Hotunan da ya nuna miki kuma na san su ko ban gani ba, su din dai ne ake ta yawo da su a WhatsApp. Ogonna Nnamani ta ci kofi da Stanford a 2001 da 2004, gaskiya ne, amma a jihar Illinois aka haife ta. Inky Ajanaku da aka ba kyautar gwarzuwar gasar 2016 a Oklahoma ta tashi. Foluke Akinradewo a Kanada aka haife ta, ta girma a Florida, kuma duk kwarewarta fainal uku ta buga a jere daga 2006 zuwa 2008 ba ta dauki kofin ba ko sau daya. Chiaka Ogbogu a Texas ta girma, ita ma ta je fainal a 2015 aka doke su. Jininmu ne, muna alfahari da su, biyun karshen nan har zinaren Olamfik suka ci wa Amurka a Tokyo. Amma makarantun can suka yi, kulob din can suka buga, kocin jami'a ya gan su da idonsa shekara da shekaru. Babu wadda ejan ya dauko daga nan.

Wata yarinya da na horar ta taba kawo min waya hannunta na rawa don murna, wai an turo mata takardar gayyata. Na duba, ga tambarin NCAA dankare a sama, ga sa hannu da hatimi ja, amma adireshin da aka turo da shi Gmail ne, kuma lambar asusun da aka ce a biya na wani mutum ne a bankin gida. Na ce ina mahaifiyarki, ta ce tana kasuwa ta kai sarkar zinarenta da 'yan kunne. Kafin mu same ta a waya kudin sun tafi. Sati biyu bayan nan layin mutumin a kashe. Yarinyar nan ta fi kowa iya tare kwallo a raga cikin 'yan ajinta, tun daga ranar ba ta sake zuwa atisaye ba, kunya ta hana ta, kuma ba ita ta yi laifin ba. NCAA ba ta gayyatar 'yan wasa, ba ta sayar da gurbi, koci ne ke neman yarinya, kuma kocin da ke son 'yarki shi zai kashe kudi a kanta, ba ke za ki biya shi ba.

Maganar rage shekaru kuwa ita ta fi komai tayar min da hankali. Mun mayar da abin kamar ba laifi ba saboda 'yan kwallon kafa sun saba, har wasu masu horarwa da ya kamata su tsawatar su ne ke rada wa iyaye. NCAA tana da ofishin tantance 'yan wasa, suna neman sakamakon makaranta na shekarun sakandare da shekarar da aka gama, suna tambayar kowace kungiya da yarinya ta buga wa. Ranar haihuwar da ke rajistar WAEC ko NECO dinta tana nan, ta NIN tana nan, fasfo ya zo da wata daban, me za ki ce musu? A ofishin jakadanci kuma duk wanda aka kama da karya a takardun biza, dokar Amurka ta ba da damar a hana shi shiga har karshen rayuwarsa. Yarinya 'yar 18 a rufe mata kofa har abada saboda kwadayin wani. Kuma abin takaicin ba ta ma bukatar ragin, 18 ai su ne shekarun shiga jami'a. Abin da ya kamata ki sani shi ne a babban rukuni ana ba da rangwamen shekara daya bayan gama sakandare, in ta wuce haka tana ci gaba da buga gasanni ba ta shiga jami'a ba, za a iya zaftare mata daga shekarun da za ta buga. Ejan din ya fada miki wannan? Ba zai fada ba, don ba ya kawo masa ko kwabo.

Sannan ki yi tunanin wanda zai karbi fasfon budurwa ya ce zai fita da ita waje, ba ki san makarantar ba, ba ki taba jin muryar kocin ba. Wani lokaci asarar kudin ita ce mai sauki. In ya matsa sai an ba shi fasfo ko ya ce za a bi ta wata kasa tukuna, ki kai maganar ofishin NAPTIP, hukumar yaki da safarar mutane, aikinsu ke nan.

Ban ce 'yarki ta hakura ba, a'a. 'Yan kasashen waje suna buga wa jami'o'in Amurka da yawa, sai dai ba lallai ta kofar Stanford ko Nebraska ba. Akwai rukuni na biyu na NCAA, akwai NAIA ta kananan jami'o'i, akwai kananan kwalejoji na shekara biyu karkashin NJCAA, kowanne da nasa kofin kasa, wasu daga nan suke tsallakawa manyan makarantu. Rukuni na uku dai ba ya ba da sikolashif na wasa kwata-kwata, duk wanda ya yi miki alkawarinsa a can karya yake. A dauki bidiyon cikakken wasanta, ba guntu-guntun inda ta burge kawai ba, a auna tsayinta da tsallenta tsakani da Allah, ita da kanta ta rubuta wa masu horarwa ta adireshin da ke shafin makarantar, masu karewa da .edu. EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, suna da ofis a Abuja da Legas, shawararsu ta farko kyauta ce, su za su gaya muku halin da bizar dalibai ke ciki a lokacin, don ka'idojin suna canzawa. Kafin nan ta nemi jami'a a gida kar ta zauna, ta buga NUGA, wasannin jami'o'in Najeriya.

Shi kuma ejan din in ya sake kira, ki ce ya ba ki sunan jami'ar, da sunan kocin, da adireshin kocin na makaranta, ki ce za ki rubuta masa da kanki kafin ki fitar da sisi. Ki turo min abin da ya amsa miki.