Manhajar shagona ta isheni da matsala: in watsar ko in biya a yi sabuwa?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari a Kasuwar Singa ta Kano ne ya turo wannan tambayar. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya biya wani matashi ya rubuta masa manhajar lissafin kaya da fitar da rasit, aka ɗora a kwamfuta biyu, ɗaya a kantar shago ɗaya a sito. Da farko lafiya lau. Yanzu kullum da sabon abu, in an ɗauke wuta an dawo da ita sai manhajar ta ƙi buɗewa, firinta ta daina fitar da rasit, kwamfutar sito tana cewa ba ta ga ta kantar shagon ba, tun da aka yi wa kwamfutar fomatin, wato aka goge komai aka sake ɗora Windows, kuma rahoton wata ya rikice. Yaron da ya rubuta ta ya tafi bautar ƙasa, wayarsa sai an yi sa'a. Wani kuma ya zo ya duba ya ce aikin banza aka yi masa, ya kawo kuɗi a rubuta sabuwa. Sai ya ce: in koma littafi ne, ko in biya a yi sabuwar?

Alhaji barka da kasuwa, Allah ya ƙara buɗi. Kar ka watsar, kuma kar ka ba kowa kuɗin sabuwa tukuna. Duk abin da ka lissafa ɗin nan yawancinsa daga wuta ne da setin kwamfuta da kebul, ko sabuwar aka rubuta maka aka ɗora a wannan kwamfutar da wannan wutar, wata uku ka dawo inda kake. Kamar mota ce ta yi faci a ce maka sai an sauke inji.

Amma kafin a taɓa komai, yau ɗin nan kafin ka rufe shago, a kwafe bayananka. Abin da ke da tsada a wajenka shi ne abin da ke ciki: wa kake bi bashi, nawa, tun yaushe, katon nawa ya rage a sito, nawa ka saro. Manhaja in ta lalace ana sake ɗorawa, amma lissafin bashin shekara biyu in ya tafi wallahi sai dai abin da masu tsoron Allah suka kawo da kansu. Irin waɗannan manhajojin da matasanmu ke rubutawa galibi suna ajiye komai a fayil ɗaya, ko na Microsoft Access wanda sunansa ke ƙarewa da accdb ko mdb, ko na SQLite. In irin wannan ne, a rufe manhajar a duk kwamfutocin biyu sannan a kwafi fayil ɗin a filashi. In kuwa a cikin wata manhajar ajiyar bayanai ce kamar SQL Server Express ko MySQL, to ba a kwafarsa haka kawai, akwai hanyar da ake fitar da kwafin daga ciki, wannan sai ka tura wa yaron saƙo ya faɗa maka. Kwafi biyu za ka yi, ɗaya a filashin da zai kwana a gida, ɗaya a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, tunda suna ba da 15GB kyauta. Filashin da ke maƙale a jikin kwamfutar dare da rana bai tsare maka komai ba, in gobara ce ko ɓarawo tare za su tafi, kuma ka fi ni sanin tarihin gobara a kasuwannin Kano. Sannan a gwada buɗe kwafin a wata kwamfutar a ga da gaske yana buɗewa, mutane da yawa sai ranar buƙata suke gano fanko suke ta ajiyewa.

To maganar wuta. Lokacin da yaron shagonka ya danna a fitar da rasit, manhajar tana rubuta abubuwa da dama a fayil ɗin, ta rage kaya, ta ƙara ciniki, ta rubuta bashi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutun nan sai fayil ɗin ya iya lalacewa, Access kuwa ya fi saurin kamuwa da wannan, musamman in kwamfuta biyu ke amfani da shi ta Wi-Fi. Akwai abin gyara a cikin Access ɗin da ake kira Compact and Repair, sau da yawa yana farfaɗo da shi, amma a kan kwafi za a gwada, kar a yi a kan na asali. Maganin na dindindin shi ne UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, a kan kwamfutar da bayanan ke ciki. In kana da shi ma ka gwada, ka rufe manhajar ka zare filogi daga bango ka gani, in kwamfutar ta mutu nan take to batirin ciki ya gama aiki, zafin kasuwa yana cinye su da wuri, kuma batirin kawai ake canzawa ba sai an sayi sabon UPS ba. Ni dai ga mai shago na fi son a mayar da bayanan kan laftof mai batir mai kyau, ko an ɗauke wuta ko ana canzawa zuwa janareto ba ta san an yi ba.

Rikicewar rahoton wata ita ta fi damuna a cikin duka, don ita ba ta ihu, a hankali take ɓata lissafi. Ka ce bayan fomatin ta fara, to ga abin da nake zargi. Mu nan rana muke fara rubutawa sannan wata, 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne. A Amurka wata suke farawa da shi, 03/04 a wajensu 4 ga Maris ne. Masu gyaran kwamfuta in suna ɗora Windows sai su yi ta danna gaba gaba su bar ta a setin Amurka. In yaron da ya rubuta manhajar ya dogara da setin kwamfutar wajen karanta kwanan wata, sai cinikin 3 ga Afrilu ya faɗa cikin Maris ba wanda ya sani. Daga 13 ga wata kuma sai ta fara kawo saƙon kuskure ko ta ƙi ajiyewa, don babu wata na 13. Ka tambayi yaranka ko sun lura matsalar tana tashi ne daga tsakiyar wata, in suka ce eh to shikenan an kama ta. A shiga Control Panel a buɗe Region a mayar da tsarin rana, wata, shekara, a duk kwamfutocin biyu iri ɗaya. Amma cinikin da ya riga ya shiga watan da ba nasa ba sai an bi an gyara, a nan kana buƙatar mai manhajar. Kuma wannan kam laifinsa ne, ya kamata a ce ya ajiye kwanan wata ta yadda seti ba zai taɓa shi ba, gyara ne ƙarami a wajensa amma dole ya yi.

Ka kuma duba agogon kwamfutar da safe da zarar an kunna. In tana tashi da wata tsohuwar shekara, ɗan batirin da ke kan allon cikinta ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, kuɗinsa kaɗan ne. Kwamfutocin hannu da muke saya kusan duk da tsohon batir suke zuwa. Rasit mai ɗauke da shekarar da ba ita ba, ranar da rigimar bashi ta taso ba zai tsaya maka ba.

Firinta ba zan daɗe a kanta ba. A sa Windows ta buga takardar gwaji da kanta ba ta cikin manhajar ba. In ta fito, matsalar tana setin manhajar, wataƙila an canza ramin USB Windows ta ba firintar sabon suna ita kuma manhajar tana ta neman tsohon. In ba ta fito ba, direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da Windows, ne ya tafi da fomatin, ko kebul. In takarda tana fitowa fara fat ba rubutu, an juya naɗin ne, irin wannan takardar gefe ɗaya kawai take kama rubutu. In rubutun yana yankewa a gefe a duba ko an saita faɗin takarda 80mm alhali firintar ta 58mm ce. Ita kuma kwamfutar sito da ba ta ganin ta kantar shago, kowace kwamfuta tana da lambar adireshi a kan layin da ya haɗa su, in an kashe rauta, wato na'urar da ke haɗa su, an kunna sai ta iya raba sabbin lambobi, manhajar kuma tsohuwar lambar ta sani. A ba kwamfutar kantar shago lamba tsayayyiya wadda ba ta canzawa, a duba katangar tsaron Windows ko ita ta tare hanya bayan fomatin, in da hali kuma a ja kebul tsakaninsu a bar Wi-Fi.

In ka ga saƙo yana cewa babu wani fayil irin su VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, kar wani ya tsorata ka, kayan tallafi ne na Microsoft da ake kira Visual C++ Redistributable, kyauta ne a shafinsu. Dan Allah kar a bari yara su je wani shafin daban su sauko da fayil ɗin shi kaɗai, ta nan birus ke shigowa. Ka kuma sani Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka kwamfutar da lissafinka ke ciki a daina kallon fim da cajin waya da cusa kowane filashi a jikinta.

Yanzu bari mu zo kan kuɗi, don a nan ainihin matsalar take. Ka biya yaron nan sau ɗaya shekara biyu da suka wuce, tun daga nan kuma duk kiran da ka yi masa kyauta ne, ya bar abin da yake yi ya hau adaidaita ya zo. Alhaji ba ina kare shi ba ne, amma mutum in ya ga kiranka asara ce gare shi dole wayar ta fara wuyar shiga. Manyan kamfanonin manhaja na duniya sukan karɓi wajen kashi 20 cikin 100 na kuɗin manhajar duk shekara don kulawa da gyara, mu ne muke ɗauka kamar buhun shinkafa ne an biya an ɗauka an gama. Ka tura masa saƙo mai daɗi, ka ce kana so ku yi sabuwar yarjejeniya, za ka riƙa ba shi wani abu duk wata ko duk wata uku. Nisa ba matsala ba ce, da AnyDesk ko TeamViewer yana inda yake bautar ƙasa zai shiga kwamfutarka ya gyara kana kallo, sai dai a saita ta yadda sai ka amince kafin ya shiga kowane lokaci.

A rubuce za ku yi, ko shafi ɗaya ne, da shaidu. A ciki a faɗi cikin awa nawa zai amsa in an kira, wane gyara ne ke cikin kuɗin wata wane ne sabon aiki da za a biya daban, ya sa manhajar ta riƙa yin kwafin bayanai da kanta kullum, ya sa maɓallin da zai fitar maka da kaya da bashi zuwa Excel, ya ba ka kalmar sirrin ma'ajiyar bayanan. Sai babban, wato asalin rubutun manhajar da masu sana'ar ke kira sos kod. Abin da ke kan kwamfutarka wanda aka gama haɗawa ne, ba mai iya gyara cikinsa sai da asalin rubutun. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya manhaja tana cikin abubuwan da aka kare, kuma mayar da mallakarta ga wani sai a rubuce, saboda haka biyan da ka yi da baki bai isa ka ce taka ce ba. In ya ce yana sayar wa wasu shagunan ba zai sallama ba, da gaskiyarsa, sai ku daidaita ya ba ka kwafi da sharaɗin don gyaran shagonka kawai, ko da za ka ƙara masa wani abu. Ya cancanci kuɗin.

Shi kuma wanda ya ce aikin banza ne, ka biya shi kuɗin dubawa kawai ya rubuta maka abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya. In bai ambaci kwanan wata ko wuta ko adireshin kwamfuta ba, bai duba ba, ciniki yake nema.

Akwai wata magana da ba na so in tsallake duk da ba daɗi. Ranar da manhaja ta tsaya ana sayarwa ba rasit, ranar ce kaya ke fita ba a san inda suka bi ba. Ban ce yaranka na da hannu ba, amma kar ka bar ƙofar a buɗe, su ma kariya ce gare su daga zargi. A ajiye littafin rasit mai lamba mai kwafi biyu, in kwamfuta ta tsaya a koma kansa, in ta dawo a shigar da komai a ranar. Wannan ne kaɗai aikin littafi a wajenka yanzu, komawa kansa gaba ɗaya da yawan kayanka da masu karɓar bashi ba zai yiwu ba. Ka kuma kafa doka, duk saƙon da ya fito a skirin a ɗauke shi hoto da waya kafin a danna komai, a rubuta lokaci da abin da ake yi sanda ya fito. "Ta ƙi yi" ba ya taimakon mai gyara da komai, hoto ɗaya kuwa sai ya rage masa aikin yini.

In yaron ya ƙi yarjejeniya, ya hana rubutun, ya hana kalmar sirri, ko an gyara wuta da seti an yi wata guda lissafi bai daidaita da abin da ke sito ba, to a nan ne za ka canza. Ko a nan ɗin ma ban ba ka shawarar a sake rubuta maka taka kai kaɗai ba, ka nemi wadda shaguna da yawa ke amfani da ita, mai ofis da fiye da mutum ɗaya da zai ɗaga waya, ka je shago biyu ko uku da suka shekara da ita ka tambayi mai shagon ba mai tallanta ba. Kafin ka biya su nuna maka sun shigar da tsofaffin bayananka, ku ƙirga kayan sito da hannu ranar farawa, a tafi da tsohuwar da sabuwar tare har wata guda, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin sai ƙarshen watan nan.