Yadda Ake Cigiyar Tsofaffi a Amurka

Tambaya: Malam, na ji an ce a Amurka idan tsoho mai gigin tsufa ya ɓata, hukuma ce take yin cigiyarsa a allunan manyan hanyoyi. Shin haka ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Haka ne, kuma sunan tsarin Silver Alert. An kwaikwaye shi ne daga Amber Alert na cigiyar yaran da aka sace, wanda ya samo asali bayan sace wata yarinya da kashe ta a jihar Texas a 1996. Kowace jiha da nata sharuɗɗan. A Florida, wadda ta fara nata a 2008, ana buƙatar mutumin ya kai shekara 60, kuma a tabbatar cewa yana fama da cutar mantuwa, kodayake akan sassauta sharaɗin shekarun a wasu lokuta.

Iyalai ne ke fara kai rahoto ga 'yan sanda, su kuma su tura sanarwa gidajen rediyo da talabijin. Idan da mota ya fita, sai a rubuta launinta da ƙirarta da lambarta a allunan lantarki na kan hanya, domin dattijon da ya manta hanyar gida yana iya yin ta tuƙi har mai ya ƙare masa. A ganina raunin tsarin shi ne allunan ba su da wani amfani ga wanda ya fita da ƙafa, kuma irin wannan galibi a kusa da gida ake samunsa, inda cigiya irin tamu ta masallaci da gidan mai unguwa ta fi saurin isa kunnen maƙwabta.