Tambaya da Amsa: Me ya sa layukan suka haɗu a wajen alwatika?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na zana alwatika, na ja layi ta tsakiyar kowane gefe, yana tsaye a kansa da digiri 90, sai layukan uku suka je suka haɗu a wajen alwatikar. Da na raba kusurwoyinta kuwa, a ciki suka haɗu. Na goge na sake har takardar ta kusa hujewa. Ina kuskurena yake? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, ajiye magogin nan, aikinki daidai yake. Ko ban ga zanen ba, na san ɗaya daga cikin kusurwoyin alwatikarki ta haura digiri 90.

Layin da ya ratsa tsakiyar gefe a tsaye, duk ɗigon da kika ɗauka a kansa, nisansa da bakin gefen nan biyu ɗaya ne. To inda ukun suka haɗu, nisansa da tsinin alwatikar uku daidai yake. Kafa allurar kamfas a wurin, ki buɗe shi zuwa tsini ɗaya ki juya, za ki ga da'irar ta bi ta kan sauran biyun. Wato cibiyar da'ira kika gano. Idan kusurwa ɗaya ta buɗe da yawa, tsinin uku sukan taru a ɓangaren da bai kai rabin da'irar ba, dole cibiya ta saura a waje. Idan duk kusurwoyin ba su kai 90 ba, a ciki take zama. Wanda ya fi burge ni shi ne na tsakani: zana alwatika mai gefe santimita 6, 8 da 10. Kusurwa ɗaya 90 ce cif, cibiyar kuma tana zaune a tsakiyar dogon gefen, santimita 5 daga kowane tsini.

Layin da ya raba kusurwa kuwa, da gefuna yake hulɗa: kowane ɗigo a kansa nisansa da gefuna biyun da suka yi kusurwar ɗaya ne. Mahaɗarsu ita ce cibiyar da'irar da ke taɓa gefuna uku daga ciki, kuma da'irar da ke ciki cibiyarta ba ta da hanyar fita. A alwatikar nan tamu mai gefe 6, 8 da 10, santimita 2 ne daga cibiyar zuwa kowane gefe. Yuklid, masanin lissafi Bagirke, ya nuna yadda ake zana da'irorin nan biyu a Iskandariya tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Abu ɗaya nake so ki kiyaye, don yana kayar da ɗalibai da yawa. Kada ki ɗauka layin da ya raba kusurwa zai sauka a tsakiyar gefen da ke fuskantarta. Raba kusurwar 90 ɗin nan ki auna: gefe mai 10 zai kasu bisa 6 da 8, wato kashi 3 nan, kashi 4 can. Sai gefuna biyun sun zo daidai da juna sannan ya sauka a tsakiya.